Taswirar Malam Ephraim

Jimeta, Mayu 2013

Zuwa ga ƙaramin maigidana, Malam Ephraim,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da maman yara da jikoki da sauran jama'ar Wusasa. Mu nan lafiya ƙalau, ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni ruwa tun hadari bai haɗo ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci aka yanke mana waya a jihar nan kaf. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya hau mota har iyakar Gombe, ya tsaya bakin titi yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ni gwiwata ba za ta iya ba. Shi ya sa na ɗauki biro da tsufana, na ba Lado, direban da ke zuwa Zariya, ya kawo maka. Kada ka bi ni da jan biro, ai ka yi ritaya.

Ga maganar. 'Yarka Keturah ta kawo miji. Sunansa Cyprian, Ibo ne, shi da uwarsa Mama Obianuju suna sayar da tayil da kayan famfo, shagonsu ne na biyu daga babbar ƙofar kasuwa. Kafin ka tsuke baki, a nan Jimeta aka haife shi, a unguwar Rumde ya yi wayo, Fillanci a bakinsa ya fi na Keturah. Ba ya sha, ba ya fashin sujada, kuma shi ya gyara mini famfon da ya shekara yana zuba.

Matsalar ita ce lokaci. Tun hare-haren bara danginsu na can gida ke matsa musu su tattara su koma. Shi ya ce ba inda za shi. Uwar ta ce in gidanmu ya ba shi mata ta haƙura ya zauna. In kuwa ba ta ji amsa ba har ta tafi taron matan garinsu na watan Agusta, to a can za ta zaɓo masa mata, a can za a buɗe masa shago.

Tun da yayanka Hosea ya rasu kai ne uba, Keturah kuma ta ce ba ta aure sai kai Bappanta ka ce e. Ba zan ɓoye maka ba, ina son yaron. Keturah kaɗai gare ni, kuma wannan ne kawai cikin masu nemanta bai yi maganar kai ta Abuja ba. Ka ba mu amsa da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Matar yayanka,
Hadassah

Wusasa, Zariya, Yuni 2013

Matar Yaya,

Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Mu ma lafiya, sai hawan jinin da likita ya ce na rage gishiri, na ce masa ya rage surutu. Na ga kurakuran rubutunki, na yafe su albarkacin dokar ta-ɓaci.

Maganar yaron ba ƙarama ba ce. Ban ƙi shi don Ibo ne ba, na koyar da 'ya'yan Ibo masu yawa, wasunsu sun fi namu zana taswira. Amma wanda zai auri 'yar ƙasa sai ya san ƙasa. Shekara talatin da biyar ina zana ta a allo: Binuwai ya shigo daga Kamaru ya raba ta biyu, duwatsun Mandara a arewa, na Alantika a iyakar gabas, tsakaninsu fadamun da in ka jefa tsakuwa ma sai ta yi tunanin tsirowa. Wannan ita ce Jihar Gongola. Na ji an ce an canja mata suna, amma ni ba a shawarce ni ba.

Sharaɗina biyu ne. Na farko jarrabawa. Ki zaunar da shi a tsakar gida, ki kori Keturah ɗaki don kada ta yi masa magana da ido. Ki tambaye shi wa ya kafa Yola, a wace shekara. Ina kogin Gongola ya haɗu da Binuwai? Waɗanne ne rassan gwamnati uku? Ya lissafo manyan garuruwanmu tun daga Mubi har Wukari, ya faɗi abin da kowanne ke nomawa. Ki rubuto mini amsoshinsa yadda ya faɗa, kada ki yi musu kwaskwarima, na san halinki.

Na biyu noman surukai, kamar yadda muka gada. Yayana damina uku ya yi yana yi wa babanki noma kafin a ba shi ke, kuma har yau ina ganin an cuce shi a cinikin. Shi wannan sau ɗaya kawai nake nema. Ya nome miki gonar dawarki ta Mbamoi da fartanya. Ban yarda da maganin feshi ba, ban yarda da 'yan ƙwadago ba. Abokansa za su iya taya shi, wannan gayya ce, al'ada ta yarda. Ɗan kasuwa yakan tsere in gari ya yi zafi, amma wanda guminsa ya zuba a gona yakan tsaya ya ga girbi.

Rabona da Jimeta tun kafin a haifi Keturah, ko jana'izar yayana a ƙauye na tsaya na juyo. Amma garin yana nan a kaina kamar tafin hannuna.

Ki gaida 'yata, ki ce mata ta kwantar da hankalinta.

Naki,
Malam Ephraim

Jimeta, Yuni 2013

Ƙaramin maigida,

Muna lafiya, ruwa ya zauna, dawa ta kai gwiwa. Gwiwar mutum nake nufi, ba tawa mai ciwo ba.

An yi jarrabawarka ranar Lahadi bayan sujada. Yaron ya zo da farar riga da biro biyu, yana gumi tun ba a fara ba. Keturah na kore ta ɗaki, sai dai na manta ɗakin yana da taga.

Wanda ya kafa Yola ya ce Modibbo Adama, na ba shi maki. Da na tambayi shekara sai ya kalli taga, tagar ma ba ta sani ba. Sai ya ce, "Mama, ina gani kafin a haifi Bappa ne kaɗan." Ka ce kada in yi kwaskwarima, ga shi nan ban yi ba.

Mahaɗar Gongola da Binuwai ya ce Numan, wurin da sojoji ke sauke fasinja su taka da ƙafa hannu a sama. Rassan gwamnati uku kuwa ko numfashi bai ja ba, ya ce, "Soja, ɗan sanda, da mai yankan rasit a kasuwa." Na harare shi, sai ya gyara ya faɗi na littafi, majalisa da masu zartarwa da kotu. Amma ya ce shi dai na farkon ne yake gani kullum. Ban san wanne za ka ba maki ba, ni na ba duka biyun.

Kan garuruwa ya roƙe ni in gaya maka a hankali saboda hawan jininka: Wukari da Jalingo sun tafi Taraba tun 1991, ba su kuma ce za su dawo ba. Ƙananan hukumomi ashirin da ɗaya suka rage mana. Da aka zo maganar noma sai bakinsa ya buɗe. Doya Ganye, kifi da rake Numan, gyaɗa Hong da Gombi, shanu Mubi da Ngurore, dawar masakwa Gurin in ruwa ya janye. Na tambaye shi ina ya koyi duk wannan, ya ce daga masu sayen tayil. Wai mutumin Ganye ba ya gyara banɗaki sai doya ta yi kuɗi, na Mubi kuma sai bayan Sallah. Bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ya san wanda damina ta yi wa kyau tun daga yadda yake taya kaya.

Noma ranar Asabar ne. Ya tara abokansa, da Ibo da Fulani da 'yan wajenmu, duk 'yan kasuwa. Ni zan tsaya gida in dafa musu abinci in kai da rana, yadda ake yi wa masu gayya. Ya ce zai yi mini noman da ba a taɓa gani ba a Mbamoi.

Hadassah

Jimeta, Yuni 2013

Malam,

Muna raye. Gaisuwar ke nan yau.

Ya cika alkawari, an yi noman da ba a taɓa gani ba a Mbamoi. Na isa da kwanukan tuwo na tarar da gonata tas, kamar za a shimfiɗa mata tayil. Ban da karan dawa babu ko koren ganye ɗaya. Lalona, gasayata, yakuwar bakin kunya, duk sun nome sun tara a gefe, rana ta gama da su. Har da karkashin.

Ka san karkashin nan. Irin da mahaifiyarku ta ɗauro a bakin zaninta daga ƙauye, shekarar da Hosea ya sayi gonar. Sau ɗaya ta watsa shi, tun daga nan ba a sake shukawa ba, kowace damina da kansa yake fitowa. Duk mai yi mini noma ya san ana kewaye shi. Shi ne miyar da yayanka ya nema a asibiti kafin ya cika.

Maƙwabcina na gona Bobboyi ya ce ya hango su yana ta ɗaga musu hannu su bar ganyen, su kuma suka ɗaga masa hannu suna amsa gaisuwa. Shi kuwa angon naku ya taro ni da fara'a, tafin hannunsa duk ya fashe, yana cewa, "Mama, ko ciyawa ɗaya ban bar maki ba." Na ajiye tuwon na juya, har na iso titi ina kuka.

Wanda bai san miya da ciyawa ba me zai ciyar da 'yata? Kada ya sake taka mini gida. Na gama da shi.

Hadassah

Wusasa, Zariya, Yuli 2013

Matar Yaya,

Ina fata zuciyarki ta yi sanyi. Mu lafiya. Amsa ta yi jinkiri ne saboda motar Lado ta lalace a nan, ya daɗe yana jiran kayan gyara.

Takardunki biyu tare suka iso. Ta farko ta ba ni dariya har maman yara ta leƙo ta ga ko lafiya. Na duba amsoshin da jan biro, ya ci, kodayake na cire masa maki saboda raina shekaruna. Har na fara rubuta miki cewa a sa rana, sai na buɗe ta biyu.

Karkashin Inna ya taɓa ni. Ina tuna ranar da ta ɗaure irin nan, ni na riƙe mata bakin zanin. Ni da na so a yi wa yaron uzuri, don rashin sani ya fi dare duhu. Amma ke ce uwa, ke ce mai gona, kuma kin rubuta da hannunki cewa kin gama da shi. Ni mutum ne mai aiki da abin da ke rubuce.

Saboda haka na sauke miki nauyi. Na rubuta wa mahaifiyarsa cikin ladabi cewa gidanmu ya duba maganar, ba za ta yiwu ba, ta nema masa mata a taronsu. Ban sa sunanta a ambulan ba, tunda ta kusa zama suruka ai da kunya, na rubuta "Ga Mahaifiyar Yaro". A bayan ambulan na zana wa Lado taswira tun daga tasha har shago na biyu daga ƙofar kasuwa, da babban durumin nan, da kibiya mai nuna arewa. Ya so ya yi tambayoyi, na ce masa taswira mai kyau ba ta bukatar baki. Zai fara ajiye miki wannan, sannan ya wuce ya kai waccan.

Ki rarrashi Keturah. Raina bai so ba, Allah ya sani.

Malam Ephraim

Jimeta, Yuli 2013

Ephraim,

Yau ba Malam, ba ƙaramin maigida. Muna lafiya, amma ba don ƙoƙarinka ba.

Wa ya aike ka? Shekara nawa ka san ni? Sau nawa na ce na gama da yayanka, ka taɓa ganin na ɗaure kayana? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Mace ta yi fushin miya, kai kuma ka ɗauki biro ka kashe aure.

Bari ka ji abin da ya faru lokacin da Lado ke kwance a ƙarƙashin motarsa a garinku, ni kuma ba ni da ɗan aike. Yaron da ya gane abin da ya yi bai zo ba da haƙuri da baki ba. Ya rufe shago ya tafi wurin matar Bobboyi, ta zaunar da shi ta koya masa ganye ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Ya bi lambunan Geriyo ya samo dashen lalo da gasaya da yakuwa, ya ja igiya ya dasa su a layi, tazara daidai wa daida. Ban taɓa ganin lalo a jere kamar 'yan fareti ba sai a gonata.

Ni duk ban sani ba, ina gida ina kumbura, Keturah tana ɗaki ba ta cin abinci. Sai Bobboyi ya aiko in zo in gani. An yi ruwa mai ƙarfi a makon. Malam, karkashin Inna ya fito. Ashe noman da suka yi mai zurfi ya tono irin da ya shekara da shekaru a binne, ya tsiro ko'ina, ya fi na kowace damina yawa. Na tarar da yaron a tsugune a tsakiyar gona, yana tsoron ɗaga ƙafa. Ya nuna mini wani tsiro ya ce, "Mama, wannan miya ne ko ciyawa ne? Ba zan sake taɓa komai ba sai na tambaya." Na ce miya ce. Na sake yin kuka a gonar nan, amma wannan karon shi ya riƙo mini kwando muka dawo gida.

Muna cikin wannan daɗin takardarka ta faɗo mana. Kafin in gama karantawa Lado ya ja mota. Keturah ta zube a ƙasa. Ni kuwa kwana biyu ban san abin da nake ci ba. Na shiga kasuwa in je in roƙi Mama Obianuju, da na hango ta tana cinikin jakar tafiya sai ƙafata ta ƙi, na laɓe bayan masu tumatir har ta wuce. Mai tumatir ya ɗauka ciwon gwiwar ne ya ba ni kujera.

Rana ta uku sai ga Lado da ambulan ɗinka a hannu, ransa a ɓace. Ya ce ya bi taswirarka sau da ƙafa. Tashar da ka zana an tashe ta tun yana yaron mota. Duk da haka ya fara daga inda take a da, ya bi kibiyarka, ya nemi durumi bai ga ko kututture ba. Inda ka sa ƙofar kasuwa gidan mai ne yanzu, shago na biyu kuma wurin mai faci. Ya tambayi mai facin ko shi ne Mahaifiyar Yaro, saura kaɗan a yi dambe. Washegari ya sake gwadawa ta ɗaya ɓangaren, taswirar ta kai shi bayan katangar wani banki, mai gadi ya ga mutum yana zagaye da zane a hannu a wannan zamani, ya kira sojoji. Da ƙyar ya fita, bayan ya yi tsallen kwaɗo. Ya ce in gaya maka ko kuɗin mota ka ninka masa ba ya sake karɓar takarda mai kibiya.

Kasuwar da ke kanka an tashe ta da daɗewa, ƙanin miji. Garin da ka ce yana tafin hannunka ya zame ya bar ka da tafin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma yau ban yi maka gori ba, don ɓatan da ka yi ne ya cece mu. Na durƙusa na gode wa Allah da ya sa ba ka zuwa gida.

An dawo mana da waya, amma ba zan kira ka ba. Ka ce kai mai aiki da abin da ke rubuce ne, to ga shi a rubuce: ina son yaron nan ya auri 'yata. Ambulan ɗinka yana nan ban buɗe ba. Mama Obianuju za ta tashi farkon wata, kuma har yau ba ta ji komai daga gidanmu ba. Ka faɗa mini, in kai mata ko in hura wuta da shi?

Hadassah

Wusasa, Zariya, Yuli 2013

Matar Yaya, uwargidana,

Mun gode Allah da lafiyarku. Ni ma lafiya, sai kunya.

Ki hura wuta da shi. Ki fara da ɓangaren taswirar.

Na karanta takardarki. Durumin nan a gindinsa ni da Hosea muke jiran motar ƙauye in an ba da hutu. Ban san an sare shi ba, ba kuwa wanda zai gaya mini, tunda ban tambaya ba. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane inda Binuwai ya bi, ga shi yaron da na ce bai san ƙasa ba shi ke tsugune a gonar yayana yana gadin karkashin uwata. Abin ya yi mini zafi, ya kuma yi mini daɗi.

Na ba shi Keturah. Amma kada ki kai wa mahaifiyarsa wannan a takarda, takardu sun isa haka. Zuwa da kai ya fi aike. Zan taso ranar Juma'a, in kwana Gombe, in iso Asabar kafin dokar hana fita. Ranar Lahadi bayan sujada mu je gidansu tare, in faɗa mata da bakina tun ba ta ɗaure jaka ba. Ki ba Lado haƙuri, ki ce zan zauna a gaba kuma ba zan nuna masa hanya ba.

Ki dafa mini miyar karkashin nan, ki sa gishiri yadda Inna ke sawa, likita ba ya nan.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki karanta wa Keturah wannan layin. Ki turo Cyprian ya tarye ni a tasha. Ban san hanyar gida ba.

Ƙaramin maigidanki,
Ephraim